Yadda za ka nemo littafi a laburare a Katsina ba tare da yawon banza ba

Jama'a kafin ka hau Keke Napep ka fara sanin me kake nema, don laburaren ba iri ɗaya ba ne. Na gwamnatin jiha shi ne na kowa da kowa, ɗalibi ne kai ko tela ko ɗan fansho mai son karanta jarida. Asalinsa tun ɗakunan karatu na zamanin En'e ne, da muna ƙarƙashin Kaduna, da aka ba mu jiha a 1987 sai Katsina ta samu hukumar laburarenta, hedikwata a birni, rassa kuma a manyan garuruwa irin su Daura da Funtuwa. To ɗan Daura ba sai ya ƙona mai zuwa birni ba, ya fara leƙa na gida tukuna.

In ka je ka riƙe katin shaida da hoton fasfo, ka ce rajista ka zo yi, ka kuma tambaya ko ana ba da aro, don manyan ƙamus da kundaye a nan ake karanta su a bar su. Jaka galibi a bakin ƙofa ake ajiyewa, ka cire waya da kuɗinka.

Inda mutane ke shan wahala shi ne wajen kantocin littattafai, sai ka ga mutum yana bin littattafai ɗaya bayan ɗaya har azahar alhali lamba ce a jikin kowane littafi, a tsarin jera littattafai da ake kira Dewey 297 Musulunci ne, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi, ka rubuta lambar a takarda ka miƙa wa ma'aikaci ka ce ranka ya daɗe a taimaka, wallahi sun fi ka sanin inda komai yake.

Mai rubuta furojet kuwa gara ya karɓo takarda daga makarantarsu ya nufi laburaren Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko na Hassan Usman Poli, sabbin littattafai sun fi yawa can. In tarihi ne, su Gobarau da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ka haɗa da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, sannan ka je wajen malaman zaure da ladabi, rubutun hannu na ajami da Larabci da yawa yana gidajensu.

Lokacin WAEC da JAMB kujeru na cika da wuri, ka yi sammako, ka kuma cajo wayarka tun daga gida.