Kurakuran da Ke Karya Mana Gashi, Musamman da Hunturu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, ƙorafin duk wadda ta zauna a gabana kitso iri ɗaya ne: gashi ya bushe, yana karyewa, wane mai zan saya? Na gaji da wannan tambayar, domin yawancin masu yin ta, mayukan da ke jere a gaban madubinsu sun ishi gida guda. Ba rashin mai ke damunsu ba.

Man kaɗanya, man zaitun, basilin, babu wanda yake da ruwa a cikinsa. Aikinsu su lulluɓe silin gashi, su hana laimar da ke ciki fita. To in kin lafta su a kan busasshen gashi, me za su tsare? Kai zai yi ta ƙyalli, ƙura ta manne, amma in kin ja sili ɗaya sai ya tsinke kamar busasshiyar ciyawa. Ruwa ne farko. Ni dai ina da 'yar kwalbar feshi, ruwa da ɗan kwandishana a ciki. Sai in raba gashin gida huɗu, in fesa ya yi laushi ba tare da yana ɗiga ba, sannan in murza man kaɗanya a tafin hannu ya narke, in bi da shi daga tsakiya zuwa baki. Bakin gashi shi ya fi daɗewa yana shan mataji da rana, shi ya fi buƙata. Fatar kai tana fitar da nata man, ba sai an cika ta ba.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rilaksa, man nan na miƙar da gashi. 'Yar'uwa, sinadarin da ke cikin da yawa daga cikinsu shi ne sodar nan da ake haɗa sabulu da ita. Wanda aka rubuta wa babu soda, har da mai hoton yara a jikin kwalin, shi ma sinadari ne mai cin fata. Yadda yake aiki, yana karya ƙullin da ke cikin silin ne gashin ya miƙe, kuma abin da ya karya ba ya komawa. Shi ya sa sabon tofo kaɗai ake shafa wa. Gashi kuwa kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, don haka wadda take komawa shago bayan mako uku, a kan tsohon da ya riga ya raunana ake maimaita mata. A jira mako 8 aƙalla. Ni sai 12.

Ana gab da bikin ƙanwata na shiga wani shagon gyaran gashi. Yarinyar ta lafta mini daga tushe har baki, ta koma kan wata. Da na ce kaina yana zafi, sai ta ce, "Anti ki daure, yanzu ne yake ci." Ashe fatata yake ci. Washegari ɗankwali ya manne da ruwan ciwo, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi ya fita. Bayan ɓawon ya faɗi, gashin ƙeyata ya biyo mataji dunƙule-dunƙule, kuma har yau akwai wuri, faɗin babban yatsa, da bai sake tofowa ba. Zafi ba alamar aiki ba ne. Da kin ji shi, a wanke nan take, ko da mintunan da aka rubuta a kwalin ba su cika ba, kuma a wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin sinadarin, ba sabulun wanka ba.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah. Yarinya 'yar shekara biyar, a yi mata tsifa da safe ana sosa kan da tsinke, a sa rilaksa da azahar, da la'asar a ɗaure ta da kitson Sallah mai ɗaga gira. Tana kuka ana cewa ta cika raki. Waɗannan ƙananan ƙurajen da ke fitowa a gaban goshi bayan kitso, saiwar gashi ce ake tumɓukewa. In aka daɗe ana haka saiwar takan mutu, sai yarinya ta girma gaban kanta a share, a fara yawon neman man da zai dawo da shi. Babu shi. Kitson da sai an sha maganin ciwon kai kafin a yi barci, a tsefe shi a daren, ko nawa aka biya.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. Wanke kai da omo ko sabulun wanki, a daina. Ruwa mai zafi sosai yana ƙara bushewa, mai ɗumi ya isa. Kada a taje busasshen gashi, kuma da mataji mai manyan haƙora ake farawa, daga baki a hau zuwa tushe. In ya cukurkuɗe, ni karkashi nake jiƙawa, yauƙinsa yana warware shi ba tare da ja ba. Ɗaura ɗankwali ko sa hijabi a kan jiƙaƙƙen kai wari yake jawowa da ƙaiƙayi. Chebe, garin nan da ake kwaɓawa da mai, yadda matan Chadi ke yi, a jikin gashin ake shafawa a kitse, ba a fatar kai ba, kuma karyewa yake ragewa, ba tsiro yake ƙarawa ba. Bakin da ya riga ya tsage, almakashi ne maganinsa, duk abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Akwai kuma abin da ba na shago ba ne. Zubar gashi wajen wata uku bayan haihuwa yawanci kan tsaya da kansa. Makero a kan yaro sai maganin sha daga asibiti, shafa mai ba ya kashe shi. In kuma gashinki yana zuba daga tushe, ga kasala ga jiri, ki je a duba jininki kafin ki sake sayen wata kwalbar.