Yadda Ake Gane Tsuntsayen Turai a Fadamun Haɗeja da Nguru

Daga watan Oktoba zuwa Maris, fadamun Haɗeja da Nguru suna karɓar dubban tsuntsaye da suka taso daga Turai da arewacin Rasha, suka ratso hamadar Sahara domin guje wa ƙanƙarar ƙasashensu. Wanda yake son ganinsu ya nufi tafkin Nguru ko Dagona da ke ƙasar Bade a jihar Yobe, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ya fara janyewa, tsuntsayen suka taru a sauran tafkuna.

Ka isa bakin ruwa bayan sallar asuba, ka tsaya rana tana bayanka domin launuka su fito sosai. Ka sa tufafi masu duhu, ka riƙe madubin hangen nesa da ɗan littafin rubutu, kuma ka nemi rakiyar masunci na yankin, domin ya fi ka sanin inda suke sauka.

Kafin ka nemi baƙo, ka fara sanin 'yan gida. Kirinjijiya mai farar fuska da kuka kamar fito, da ɗinya, da belbela, da gauraka, duk na Afirka ne. Shamuwa ma baƙuwa ce, amma ba daga Turai take ba: da damina take zuwa ta yi sheƙa a garuruwanmu, sannan ta koma gabashi da kudancin Afirka daidai lokacin da na Turai suke isowa.

Cikin baƙin, agwagwa iri biyu sun fi sauƙin ganewa. Namijin ɗaya ƙarami ne, kansa ruwan ƙasa, da farin layi mai faɗi daga saman ido zuwa ƙeya. Namijin ɗayan yana da dogon wuya mai fari da siririyar wutsiya mai tsini, wadda ake hange ko yana tashi. Akwai kuma wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafa bayan girbi yana tsintar abin da ya zube. A Turai namijinsa yana fitar da gashin ado a wuya lokacin barbara, amma a nan toka-toka za ka gan shi, sai dai ya fi macen girma ƙwarai. Shirwa kuwa sai ka dubi bakinta: shirwar gida idan ta girma bakinta rawaya ne, ta Turai kuma baƙi.

Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne kada a tayar da garke domin ɗaukar hoto. Waɗannan tsuntsaye kitse suke tarawa saboda doguwar tafiyar komawa, kuma duk tashin firgita yana cinye musu guzurin da za su ratsa hamada da shi.

Idan ka ga tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ko wani ya kawo maka irin wannan zobe, ka rubuta lambobin da ke jikinsa dalla-dalla, da ranar da wurin da aka same shi, ka aika wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Da wannan lamba ce ake gano ƙasar da aka sa masa zoben da shekarar da aka sa shi.