Babi na Huɗu: Gyaran Fili da Kafa Lambu a Gida

Kusan kowane gidan karkara yana da wani fili da yake zaune haka kawai: bayan ɗaki, gefen garke, ko kusurwar da ake zubar da shara. A wannan babin za mu ga yadda ake mayar da irin wannan wuri lambun da zai ba iyali ganye da kayan lambu. Mutane da dama da sayen iri suke farawa, shi ya sa bayan wata guda sai ka iske lambun ya zama kufai. Iri shi ne na ƙarshe a layi. Rana, ruwa, shinge da ƙasa duk suna gabansa.

Zaɓen wuri

Ku ba filin kwana ɗaya kuna kallonsa. Ku duba shi da hantsi, da azahar, da la'asar, ku ga inda inuwa take faɗawa. Tumatir, barkono, kuɓewa da albasa suna son rana kai tsaye na awa 6 ko fiye kowace rana. Latas da alayyafo suna jure ɗan inuwa. Kada a kafa lambu a gindin babbar bishiya, domin ban da inuwa, saiwoyinta za su shanye ruwan da takin da kuka zuba.

Sai kuma kusanci da ruwa. Lambun da sai an yi doguwar tafiya da bokiti kafin a shayar da shi, ba ya daɗewa, ko da mai shi jarumi ne. Amma tulin taki da garken dabbobi da masai su yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma su kasance a gangare, ba a saman rijiyar ba.

Inda ruwan sama yake bi

In aka yi ruwa mai ƙarfi, ku fito da zarar ya ɗauke ku zagaya gidan. Ina ruwa ya kwanta? Ina ya yanka ƙasa ya wuce? Abin da kuka gani a ranar ya fi kowace shawara amfani.

Ruwan da yake kwanciya a gindin bango shi ne yake cin gini daga ƙasa. Maganinsa a cike gindin da ƙasa a daddaɓe, yadda ƙasar za ta gangara daga jikin bango zuwa waje. Ma'aunin magina shi ne gangaren santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Inda ruwan rufi yake zuba a jera duwatsu ko tsakuwa don kada ya haƙa rami. Daga nan a ja 'yar magudana marar zurfi ta kai ruwan gindin bishiya ko gefen lambu. Hanyar da ake bi zuwa lambun ma a zuba mata tsakuwa, saboda taɓo.

Ruwan rufi dukiya ce, kuma lissafinta ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. A ce ɗaki yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 5. Rufinsa ya rufe murabba'in mita 50 ke nan. In aka yi ruwa mai milimita 20, sai mu ce 50 sau 20, ya ba mu lita 1,000. Wannan durom 5 ne masu cin lita 200 kowanne. Ba duka za a kama ba, wani zai fantsama, amma rufin kwano mai indararo mai kyau yakan tara wajen kashi huɗu cikin biyar.

A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, sannan a tara. Kuma a rufe durom ruf. Sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ke tsaye, sannan buɗaɗɗen durom haɗari ne ga ƙananan yara.

Shinge

Akuya ɗaya za ta iya gama aikin wata biyu kafin ku dawo daga gona. Don haka shinge yana riga shuka. Kara, ƙaya, gora ko ragar waya, duk wanda ya samu. Tsayinsa ya haura mita 1, ƙasansa kuma a binne shi kaɗan, domin kaji ta ƙasa suke shiga.  Ƙofa ta zama mai ɗauruwa. Yawancin ɓarnar da ake yi wa lambu ta ƙofar da aka manta a buɗe take shigowa.

Sanin ƙasa da yanka fangali

Ku ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ku jiƙa ta kaɗan, ku dunƙule. In ta wargaje nan take, rairayi ya yi mata yawa: ruwa da taki za su riƙa zurarewa. In ta mulmulu ta yi tsawo tana danƙo, yumɓu ne: za ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, in ta bushe kuma ta tsattsage. Wadda ake so ita ce mai dunƙuluwa amma ta farfashe in an taɓa ta da yatsa. Akwai gwaji na biyu. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa. In washegari har yanzu akwai ruwa a ciki, wurin ba ya tsane ruwa da kyau.

A wurin da ruwa ke kwanciya, a ɗaga fangali sama da santimita 15 zuwa 20. A wurin da ruwa ya yi ƙaranci kuma ƙasa rairayi ce, a yi akasin haka: fangalin ya ɗan zurfafa, a yi masa baki kewaye don ya riƙe ruwa. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe. A bar hanya ta rabin mita tsakanin fangali da fangali. Dalilin shi ne kada a taka inda aka shuka, domin taku yana danne ƙasa ya hana iska kaiwa ga saiwa.

A shekarar farko fangali biyu ko uku sun isa. Wanda ya yanka goma ya kasa shayar da su, wanda ya yanka biyu ya kula da su ya fi shi girbi.

Takin gida

Rairayi da yumɓu maganinsu ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. A rairayi yana riƙe danshi, a yumɓu yana sassauta ƙasa ya buɗe wa ruwa hanya. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Kayan haɗa takin kuma su ne waɗanda ake sharewa ana ƙonawa kullum a tsakar gida.

Kayan iri biyu ne. Akwai busassu: busasshen ganye, kara, ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawa. Akwai ɗanyu: ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan lambu, kashin shanu, na awaki da na kaji. Ɗanyun su ne masu sinadarin naitirojin, wanda ƙananan halittun da ke ruɓar da takin suke buƙata. Busassun kuma su ne abincinsu na ƙarfi, su ne kuma suke bar wa iska kafa. A kan kowane kwando ɗaya na ɗanyu a sa kwando biyu ko uku na busassu.

A samu wuri mai inuwa. A fara shimfiɗa kara ko ƙirare a ƙasa don iska ta riƙa shiga. A kai a zuba busassu kaurin taƙi ɗaya, sai ɗanyu rabin haka, sai a barbaɗa 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. A yi ta maimaitawa har tulin ya kai mita 1 a tsayi, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsawo. In bai kai haka ba, ba ya riƙe zafi. A soka dogon sanda a tsakiya, a rufe saman da ciyawa ko tsohon buhu.

Bayan kwana uku ko huɗu a zaro sandan a taɓa. In da zafi da danshi, aiki ya kankama. Cikin tuli mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sandan ya fito a bushe kuma da sanyi, a ƙara ruwa da ɗanyu. In tulin yana wari, ruwa ko ɗanyu sun yi yawa: a juya shi a ƙara busassu. Ma'aunin ruwan shi ne a matse takin a hannu, ya jiƙa tafi amma kada ruwa ya zuba.

Kowane mako biyu a juya tulin da cebur, na waje ya koma ciki. A wuri mai ɗumi yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku. Alamar nunarsa: ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasa, ba a gane abin da aka zuba. Wanda ba shi da ƙarfin juyawa ya bar shi kawai, zai ruɓe, sai dai ya ɗauki wata shida zuwa shekara. Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.

Kada a sa nama, ƙashi ko mai, saboda ɓeraye. Kada a sa kashin kare, na kyanwa ko bayan gidan mutum, saboda cuta. Haka shukar da cuta ta kashe, da leda, da kwalba, da tsohon batir. Toka kaɗan ba laifi, da yawa tana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana da zafi, yana ƙona saiwa. Duk wanda ya zuba ɗanyen kashin dabba kai tsaye a fangali, ya bari wata huɗu su wuce kafin ya ci abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas.

In takin ya nuna, a shimfiɗa kaurin yatsa biyu ko uku a kan fangali, a cakuɗa shi da ƙasar sama da fartanya.

Shuka da ban ruwa

Yanzu ne aka zo kan iri. A binne shi zurfin ninki biyu ko uku na girmansa. Ƙanana irin na latas barbaɗa musu ƙasa kawai ake yi. Tumatir, barkono, kabeji da albasa reno ake yi musu tukuna, a dasa bayan mako huɗu zuwa takwas, da yamma, a ba su ruwa nan take. Karas, kuɓewa da wake ba sa son dashe, a shuka su inda za su zauna.

Kayan lambu suna buƙatar wajen lita 25 a kan kowane murabba'in mita a mako. Fangali mai mita 1 da mita 3 zai sha lita 75 ke nan, a tsananin zafi ya kan kai ninki biyu. A shayar da sassafe ko da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba. Shuka mai girma ta fi son a ƙosar da ita sau biyu ko uku a mako a kan yayyafi kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama. Ku tura yatsa cikin ƙasa: in da danshi har gaɓa ta biyu, a bari sai gobe. A lulluɓe fangali da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5, amma kada ta taɓa jikin shukar. Wannan yana rage ban ruwa da cirar ciyawa sosai. Inda gara ta yi yawa a riƙa dubawa.

Kada a maimaita shuka ɗaya a wuri ɗaya. Tumatir, barkono, gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kuma tana zama a ƙasa tana jira. Bayansu a sa wake ko gyaɗa, waɗanda ƙulle-ƙullen saiwarsu ke tara naitirojin daga iska, sannan ganye, sannan albasa ko karas. Game da ƙwari, ku riƙa ɗaga ganye kuna duba bayansa. Tsutsa a tsince ta da hannu, darɓa a fesa mata ruwan sabulu tsararo da yamma.

Aikin aji

Ku tattauna: me ya sa ake yin shinge kafin shuka? Waɗanne abubuwa ne ba a sa wa a tulin taki, kuma don me?

Lissafi: rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 ya samu ruwan sama milimita 25. Lita nawa ne? Durom nawa mai lita 200 zai cika?

Aikin gida: kowa ya zana taswirar gidansa a takarda, ya nuna inda rana ke fitowa, inda ruwa ke kwanciya, da inda rijiya da masai suke. A zo da zanen darasi na gaba, tare da ƙasa cikin gwangwani daga wurin da aka zaɓa.