Launi biyu sun isa a VS Code

'Yan uwa masu rubuta manhaja, ku daina ɓata lokaci kan farautar launin VS Code, editan da kuke rubuta manhaja a cikinsa. Ku riƙe biyu kawai: fari da rana, baƙi da dare.

Ku danna Ctrl+K, sannan Ctrl+T, sai ku zaɓa. Ko ku kunna window.autoDetectColorScheme a cikin saitunan VS Code, ya riƙa bin tsarin launin kwamfutarku, fari ko baƙi, da kansa.

Dalili kuwa, ƙwayar ido tana tsukewa a haske, ta buɗe a duhu. An ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu, allo kuma fari fat: duk ɗaga kai sai ido ya sake daidaitawa. Nan gajiyar take.

Amma fa baƙin ba na kowa ba ne. In farin rubutu yana yi muku dishi-dishi a kansa, ko kuna aiki kusa da taga, ku tsaya a fari, ku rage hasken allo, ku ƙara girman haruffa.