Yadda Ake Shirya Muhawara Kan Dokar Shige da Fice ta Amurka ta 1952

Ɗalibin da aka ɗora wa jagorancin wannan muhawara, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko a wata makarantar sakandare ta Maradi, ya fara da raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: shigar baƙo, mafakar ɗan gudun hijira, da tasa ƙeyar wanda ya riga ya zauna.

Daga nan sai ya shimfiɗa tarihin a taƙaice. A 1952 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da Sanata Pat McCarran da ɗan majalisa Francis Walter suka gabatar, wadda ta ba hukuma ikon hana ƴan gurguzu shiga ƙasar da kuma korar baƙin da aka samu cikin jam'iyyarsu. Shugaba Harry Truman ya hau kujerar na ƙi, domin dokar ta riƙe tsarin 1924 mai fifita mutanen arewaci da yammacin Turai, amma majalisun biyu suka rinjaye shi da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u.

Ɓangaren da zai kare dokar yana da hujjar tsaro, tun da ana tsakiyar yaƙin Koriya a lokacin, kuma dokar ce ta kawar da sharaɗin launin fata wajen ba da takardar zama ɗan ƙasa. Bai kamata a raina wannan ɓangare ba, ko da yake a ganina hujjar masu suka ta fi nauyi. Su sai su nemi a bayyana ma'aunin da aka auna masu neman mafaka da shi: an karɓi ƴan Hungary bayan 1956 da ƴan Kuba bayan 1959 hannu bibbiyu saboda gurguzu suka guje wa, alhali ƴan Haiti da suka tsere wa mulkin kama-karya na iyalan Duvalier an ɗauke su masu neman abinci kawai. Sai a 1980 Amurka ta sanya ma'anar ɗan gudun hijira irin ta yarjejeniyar Geneva ta 1951, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴan gudun hijira, cikin dokarta.

Masu sauraro za su kawo zancen mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina da rikici ya koro suka shigo gudun hijira yankin Gidan Rumji na jihar Maradi tun 2019. Mai jagoranci ya bar su su yi magana, amma ya tunatar cewa yarjejeniyar Afirka ta 1969 kan ƴan gudun hijira ta fi ta Geneva faɗi, domin ta haɗa da wanda rikici ya kora ko da ba shi kaɗai ake farauta ba. A ba kowane ɓangare minti goma, a ware biyar na raddi.