Kafin ki shafa man ƙamshin nan a jiki

Salamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan ƙananan kwalabe na man lavender da na'a-na'a da ake ta saye yanzu, dan Allah kar a shafa su zalla a fata, suna da ƙarfi sosai. Ni na taɓa ɗiga na na'a-na'a kai tsaye a goshi saboda ciwon kai, wallahi idona ya dinga hawaye wajen ya yi ja yana raɗaɗi.

Ki samu man kwakwa ko na zaitun cokalin shayi ɗaya, ki ɗiga digo 2 kawai ki juya, sai ki gwada a cikin hannu tukunna ki bar shi kwana ɗaya ki gani ko zai yi ƙaiƙayi. In don barci ne ma ba sai kin shafa ba, digo 1 na lavender a hankici ki aje gefen filo ya isa.

Ba a sha fa. Na na'a-na'a kar ya je kusa da hancin jariri don yana iya takura masa numfashi, mai asma da mai ciki su tambayi likita. Na lemun tsami kuma in kin shafa kar ki shiga rana, yana ƙona fata.