Yadda Za A Kafa Ƙaramin Rumbun Ajiyar Iri A Kano

A kasuwar Dawanau za ka samu hatsi buhu-buhu, amma nau'o'in gargajiya irin su gero zango, maiwa, dawa kaura da farfara, ko wake ɗan'ila da kanannado, suna raguwa a gonaki yayin da manoma ke komawa ga ingantaccen iri mai saurin nuna. Ingantaccen irin ma daga na gargajiya ake fitar da shi, domin a cikinsu ne masu bincike ke samo jure fari da jure ciyawar wuta-wuta. Ƙungiyar manoma, makaranta ko gida guda na iya adana su da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba.

A fara da tattarawa a gona lokacin kaka, kafin girbi ya haɗu a masussuka. Gero da maiwa iska ce ke kai musu garin fure daga wata shuka zuwa wata, saboda haka zangarniya biyar ba za ta wakilci nau'in ba. A yanki zangarniya 50 zuwa 100 daga sassa daban-daban na gonar, kada a zaɓi manya kaɗai. Wake kuwa yawanci kansa yake yi wa barbara, amma shi ma a tsinko kwanso daga shukoki da yawa. Nan take a rubuta sunan nau'in, ƙauyen, shekarar, irin ƙasar (jigawa ko fadama) da kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Irin masara na kamfani da aka haɗa daga iyaye biyu ba na ajiya ba ne, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwa.

Busarwa ita ce mafi muhimmanci, ta fi sanyi muhimmanci. Ƙa'idar da masana iri ke aiki da ita ita ce, duk rage danshin ƙwaya da kashi 1 cikin 100 na kusan ninka tsawon rayuwarta, haka ma rage zafin ɗaki da kimanin digiri 5. Anan Kano ta yi sa'a, domin iskar hunturu a Disamba da Janairu busasshiya ce ƙwarai. A baza iri a kan tabarma ko buhu a inuwa mai iska na mako biyu, ana juyawa kullum. Kada a shanya a kan kwanon rufi ko siminti da tsakar rana, zafin yana kashe ɗan tsiron da ke cikin ƙwaya ko da daga waje tana da kyau. Domin gwaji, a zuba ƙwaya da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi.

Sai a zuba a kwalbar gilashi mai murfi da roba, ko jarka mai kyakkyawan murfi, a cika ta har baki domin iskar ciki ta yi kaɗan, ƙwarin wake su shaƙe su mutu. Takardar bayanin nau'in ɗaya a ciki, ɗaya a waje. A ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka a watan Afrilu, a kan katako saboda gara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗe kwalba a watan Agusta, ƙwaya ta sha laima, a sake rufewa, ta yi hunhuna. Shi ya sa ake raba kowane nau'i gida biyu: na amfani da na ajiya, na biyun a kai wani gidan saboda gobara ko ambaliya.

Manyan rumbuna kamar na Svalbard a Norway, wanda aka buɗe a 2008, suna ajiya a digiri 18 ƙasa da sifili. A gida firiza na taimakawa ne kawai idan irin ya bushe sosai kuma kwalbar ba ta shan iska, musamman da yadda ake ɗauke wuta. In an fito da kwalbar, a bari sanyinta ya fita kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka kan ƙwayar.

Kowace shekara a ƙirga ƙwaya 100, a nannaɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, a duba bayan kwana 7 zuwa 10. Idan waɗanda suka tsiro sun faɗi ƙasa da 85, lokacin sabuntawa ya yi: a shuka a daminar nan, gero nesa da wasu gonakin gero ko a rufe zangarniyoyi a yi barbarar da hannu.

Ƙwallon mangwaro, goro da kaɗanya suna mutuwa in an busar da su, rogo da dankali kuma ta kara da reshe ake riƙe su, don haka ajiyarsu a gona take. Nau'in da ya yi ƙaranci sosai kuwa, a tuntuɓi ofishin IITA (cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa) na Kano ko NACGRAB, cibiyar gwamnati mai ajiyar iri da ke Ibadan, a ba su wani kaso.